Gaspard Monge: Yaron Ɗan Koli da Ya Tsara wa Injiniyoyi Ƙa'idar Zane

Shafin tarihi na wannan fitowa ta bikin zagayowar shekara ya ɗauko rayuwar wani Bafaranshe da ya mutu sama da shekara 200 da suka wuce, Gaspard Monge. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba, amma kusan kowa ya taɓa riƙe aikinsa a hannu. Takardar nan da ke zuwa cikin kwalin injin ban-ruwa ko janareta, mai nuna injin ta gaba da ta sama da ta gefe, da zanen da injiniya ke miƙa wa magini kafin a haƙa harsashin shago ko sito, da wanda yaranmu ke kwana suna ja da rula a makarantun fasaha na Kaduna da Maraɗi da Marwa, duk a kan ƙa'idar da mutumin nan ya tsara suke tafiya. Mahaifinsa kuwa ɗan koli ne da ya ƙetaro iyaka da kayansa, kamar yadda iyayen yawancinmu suka yi.

Gidan da ya fito

An haifi Gaspard a watan Mayu na 1746 a Beaune, wani ƙaramin gari a gabashin Faransa. Mahaifinsa, Jacques Monge, baƙo ne a garin. Daga duwatsun Savoie ya fito, a zamanin da Savoie ba ta shiga Faransa ba, tana ƙarƙashin sarautar Sardiniya. Ya fara da yawon koli daga wannan kasuwa zuwa waccan, har ya zauna a Beaune, ya yi aure, ya kafu, daga baya 'yan kolin garin suka damƙa masa sandar shugabancin ƙungiyarsu. Abin da ya samu ya zuba shi a karatun 'ya'yansa maza uku, kuma dukansu, Gaspard da Louis da Jean, sun zama malaman lissafi.

Gaspard ne babba. Bayan ya gama makarantar garinsu, a 1762 ya tafi Liyon ƙaro ilimi, inda malamansa suka ga kaifin kansa har suka ba shi aji ya koyar da kimiyya yana ɗan shekara 17. Da ya dawo gida a 1764, sai ya ɗauki wani aiki da ba wanda ya sa shi, wato zana taswirar Beaune. Ba shi da kayan awon da safiyo ke aiki da su, don haka ya ƙera nasa da hannunsa, ya bi garin lungu-lungu yana awo. Wani hafsan injiniyoyin soja ya ga taswirar, ya yi mamakin ingancinta, ya nema wa yaron gurbi a makarantarsu da ke Mézières, can arewa kusa da iyakar Beljiyam ta yau.

Ƙofar da aka rufe masa

Makarantar Mézières ta sarki ce, kuma 'ya'yan masu sarauta kaɗai ake ɗauka su zama hafsoshi. Yaron ɗan koli, komai iliminsa, ba shi da wuri a ajinsu. Da Monge ya isa a 1765, sai aka tura shi sashen ma'aikata, inda ake kwafar zane da kwaɓa farar ƙasa ana gina ƙananan samfurin ganuwa da bakan gini domin koyar da 'ya'yan manya.

A nan aka miƙa masa wani aiki da ke ba injiniyoyi wahala. In za a gina sansani a wurin da tuddai suka kewaye, dole a san tsawon da kowace katanga za ta kai domin maharbin igwa da ke kan tudu kada ya hango cikin sansanin. In katanga ta gaza, sojoji sun halaka. In ta zarce, an yi ɓarnar kuɗi da ƙarfin leburori. Hanyar da aka saba ita ce doguwar ƙididdiga mai cin lokaci. Monge ya ajiye ƙididdigar ya ɗauki fensir. Ya ƙaddara wani shimfiɗaɗɗen allo da aka jingina daga sansanin har ya taɓa ƙololuwar tudu, ya nuna cewa duk abin da ke ƙarƙashin allon nan a ɓoye yake daga idon maharbi, sannan ya fitar da tsawon katangun da rula daga zanen. Ya gama da wuri har shugaban makarantar ya ƙi duba aikin da farko, don a ganinsa lokacin bai isa a ce an yi shi ba. Da aka bincika, amsar ta fito daidai.

Sakamakon ya zo kashi biyu. An ɗaga Monge daga ɗakin kwaɓa ƙasa, kafin 1770 ya zama malamin lissafi a makarantar da ta ƙi ɗaukarsa ɗalibi. Amma an mai da hanyar tasa sirrin soja, aka hana shi buga ta ko koyar da ita a waje. Haka ta zauna a kulle kusan shekara 30.

Abin da ya gano

Kowane kaya yana da tsawo da faɗi da kauri, takarda kuwa tsawo da faɗi kawai gare ta. Hoto yana yaudarar ido, domin abin da ke kusa yakan fito babba, na nesa ƙarami, kuma ba a iya ɗora rula a kansa a sami awo. Tun kafin Monge, masassaƙan dutse da kafintoci suna da dabarun zane da suke gada daga iyayen gidansu, kowace sana'a da nata. Shi ya tattara su ya mai da su ƙa'ida ɗaya da kowa zai iya koya.

Ga yadda take. A ajiye kaya a kusurwar ɗaki, tsakanin daɓe da bango. A dube shi daga gaba sak, a zana siffarsa a bango. A dube shi daga sama sak, a zana siffarsa a daɓe. Sannan a buɗe kusurwar kamar yadda ake buɗe littafi, bango da daɓe su koma takarda ɗaya. Kallon gaba yana sama, kallon sama yana ƙasa da shi, kuma kowane ɗigo na kayan yana bayyana sau biyu a kan layi ɗaya miƙaƙƙe. Daga zanen nan biyu ana iya fitar da kowane awo na kayan. In siffar tana da sarƙaƙiya sai a ƙara kallon gefe.

Misali ɗaya ya isa ya nuna amfaninta. A ce za a ɗora bututu daga famfo zuwa tankin da ke kan hasumiya. A kallon sama bututun ya nuna mita 4, a kallon gaba kuma ya hau mita 3. Wanda ya tsaya a kallo ɗaya zai sayo mita 4, ya zo ya tarar bai kai ba. Wanda ya san ƙa'idar zai ja layin mita 4 a kwance, ya ta da na mita 3 a ƙarshensa, ya haɗa bakinsu, rula ta nuna masa mita 5. Da irin wannan dabara ake sanin yadda za a yanka falan ƙarfe a shimfiɗe domin in an naɗe shi ya zama mazurari ko bututun injin niƙa, da kuma siffar ramin da za a huda inda bututu biyu suka haɗu.

Babban abin da wannan ya kawo shi ne mai tsara kaya da mai ƙera shi ba sa buƙatar su haɗu, ko su ji yaren juna. Injiniya a Faris zai zana, maƙeri a wani gari mai nisa ya ƙera, kayan ya zo ya shiga gurbinsa. Zane ya zama takardar yarjejeniya tsakanin mutum biyu a kan siffar abu, kamar yadda rasit yake a kan kuɗi.

Ƙasa, ƙarfe da mita

Monge bai tsaya a zane ba. A 1777 ya auri Catherine Huart, wata bazawara mai masana'antar narka ƙarfe, wannan ya ja hankalinsa ga sanin ƙarfe. A 1780 ya shiga Majalisar Masana Kimiyya ta Faris. A 1786 shi da abokansa biyu, Berthollet da Vandermonde, suka bayyana cewa yawan sinadarin gawayi ne ke bambanta ƙarfen zubi da ƙarfe mai laushi da ƙarfe mai tauri da ake ƙera wuƙa da shi.

Akwai wani aikinsa na 1781 da ya shafi masu motocin ɗaukar kaya. Ya yi tambaya: in akwai tarin ƙasa a wurare daban-daban, da ramuka da za a cike a wasu wuraren, wace ƙasa za a kai wane rami domin jigilar ta zo da arha? Duk wanda ke da hatsi a sito uku da masu saye a kasuwa huɗu ya san wannan ciwon kai. Bayan shekara kusan 160 wani masanin lissafi na Tarayyar Sobiyet, Leonid Kantorovich, ya ɗora a kan tambayar, kuma a 1975 ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki. Har yau masana na kiran matsalar da sunan mutanen nan biyu.

Haka kuma Monge yana cikin kwamitin masana da a 1791 ya ba da shawarar a ɗauki mita a matsayin ma'auni. Kafin nan ma'aunin Faransa yana canzawa daga gari zuwa gari, kamar yadda mudu da tiya suke canza girma daga kasuwa zuwa kasuwa a wurinmu, kuma baƙo ne kullum ke kwana ciki. Kwamitin ya ce a ɗauki nisan da ke tsakanin ƙarshen duniya na arewa da layin tsakiyarta, a raba shi gida miliyan 10, gida ɗaya shi ne mita. Daga nan lita da kilo suka samo asali.

Juyin juya hali da buɗe sirri

Da juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789, Monge ya rungume shi hannu biyu, abin da ba zai ba da mamaki ba ga mutumin da aka hana kujerar aji saboda asalin mahaifinsa. Daga Agusta 1792 zuwa Afrilu 1793 ya riƙe ministan sojan ruwa, kuma yana kan kujerar aka kashe Sarki Louis na 16 a Janairu 1793. Ba a manta masa wannan ba. Da ya sauka, ya koma taimaka wa gwamnati wajen ƙera makamai, ya rubuta littafi mai ɗauke da zane-zane kan yadda ake zuba igwa, domin ma'aikatan da ba su taɓa yin aikin ba su iya.

A 1794 yana cikin waɗanda suka kafa wata sabuwar makarantar injiniyoyi a Faris, wadda a 1795 aka raɗa mata suna École Polytechnique. Shiga ta da jarrabawa ne, ba a tambayar ɗan wane ne kai. Ɗalibai kusan 400 aka fara da su, kuma zane ya ci babban kaso na lokacin karatunsu. A 1795 ɗin ya koyar da ƙa'idarsa a bainar jama'a ga masu koyon malanta, aka rubuta darussan, a 1799 suka fito a littafi mai suna Géométrie descriptive. A ganinsa ilimin nan na kowane mai sana'ar hannu ne, kuma ƙasar da ma'aikatanta ba su iya karanta zane ba za ta daɗe tana sayen kayan wasu.

Daga Faris ilimin ya bazu. Wani tsohon ɗalibin makarantar, Claude Crozet, ya kai shi makarantar soja ta West Point a Amurka tun daga 1816. Sunan makarantar ma ya yi tafiya: kalmar foliteknik da ke kan ƙofar kwalejin Kaduna da ta Yawunde daga can aka aro ta.

Inda tarihinsa ya yi tabo

A 1796 gwamnati ta tura shi Italiya cikin kwamitin da ke zaɓen hotuna da gumaka da tsoffin littattafan da sojojin Faransa za su kwashe zuwa Faris. Ganima ce, ko da wane suna aka kira ta. A can ya ƙulla abota da Janar Napoliyon Bonapat, abotar da ya riƙe har mutuwa.

A 1798 ya bi Napoliyon zuwa mamayar Masar. Shi ya fara shugabantar cibiyar bincike da Faransawa suka kafa a Alƙahira a watan Agusta na shekarar, kuma a nan ya bayyana dalilin kawalwalniya: iskar da ke dab da rairayi mai zafi tana lanƙwasa haske, sai matafiyi ya ga hoton sararin sama a ƙasa ya zaci ruwa ne. Malamin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti, ya ziyarci cibiyar ya rubuta abin da ya gani na littattafai da kayan aiki. Amma wata biyu bayan kafa ta, a Oktoba, mutanen Alƙahira suka yi bore, sojojin Faransa suka yi wa unguwar Azhar ruwan igwa, suka shiga masallacin da dawakai. Monge ba soja ba ne, sai dai da rundunar nan ya zo, da ita ya tsaya, kuma a 1799 ya koma gida a jirgi ɗaya da Napoliyon. Ubangidan nasa ya naɗa shi sanata, a 1808 ya ba shi sarauta. Yaron da masu sarauta suka rufe wa ƙofa ya ƙare shi ma mai sarauta.

Duk da haka bai saki ɗalibansa ba. Da Napoliyon ya mai da makarantar barikin soja aka kuma sa kuɗin makaranta, Monge ya sadaukar da albashinsa na malanta domin 'ya'yan talakawa su ci gaba da karatu.

Bayan faɗuwar Napoliyon a 1815 gidan sarautar da ya dawo, ya ɗauki fansa. A 1816 aka kori Monge daga majalisar masana, aka sallami ɗaliban makarantarsa na wani lokaci. Ya mutu a Faris ranar 28 ga Yuli 1818 yana da shekara 72. Hukuma ta hana ɗalibai halartar jana'izarsa, amma da suka sami ranar fita suka tafi kabarinsa a ayari. A 1989 Faransa ta mai da ƙasusuwansa ginin Panthéon inda take ajiye manyan mutanenta, kuma sunansa yana cikin sunaye 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel.

Rabonmu a cikin gadonsa

Ƙa'idar Monge ta rabu gida biyu a duniya, kuma ya kamata duk mai odar kaya ya san haka. Turai da Sin da Indiya galibi suna bin tsarinsa na asali, wanda ake kira kusurwa ta farko: kallon sama yana ƙasan kallon gaba, abin da aka gani daga hagu kuma ana zana shi a dama. Amurka da Kanada da Japan suna bin kusurwa ta uku: kallon sama yana sama, na dama yana dama. A ƙasan takarda akwai wata 'yar alama mai kama da bokiti kwance kusa da zobe biyu, ita ke nuna tsarin da aka bi. Maƙerin da ya karanta zanen wannan tsari da idon wancan zai iya huda rami a hagu inda ake so a dama, kuma sai kaya ya ƙetare kwastan da duwan sannan a gane.

Na biyu shi ne ma'auni. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Kusa mai rabin inci milimita 12.7 ce, ba za ta hau noti mai milimita 12 ba, ko da ido ya ce girmansu ɗaya. Har yanzu masu walda da masu katako da yawa a Najeriya da inci da ƙafa suke magana, takwarorinsu na Nijar da Kamaru da Cadi kuwa da santimita. Ɗan kasuwar da ke tsakiya shi ke biyan bambancin.

Saboda haka wanda zai ba da aikin ƙofa ko kanta ko wani sashen injin a Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Katako ta Yamai, kada ya dogara da hoton WhatsApp kaɗai. A ɗauki takarda da fensir. A fara da ja layuka marasa nauyi na akwatin da kayan zai shiga ciki, sannan a fitar da siffar ta gaba da ta sama da ta gefe, a jere da juna. Abin da ke ɓoye a ciki a nuna shi da layi mai gutsi-gutsi. A rubuta kowane awo sau ɗaya, da milimita, a faɗi kaurin ƙarfe da irinsa. Mai ba da aiki da mai karɓa su sa hannu da kwanan wata, kowa ya riƙe kwafi. Gani ya kori ji, kuma ranar da aka zo gaban shugabannin ƙungiya da ƙorafi, takardar ce za ta raba gardama.

Ga waɗanda ke da yara a ajin injiniya, yau da kwamfuta ake yawancin zane, amma manhajar tana bin ƙa'idar nan ce, kuma yaron da bai iya fitar da kallo uku da hannu a gaban maƙeri ba zai sha wahala a wurin aiki. A saya masu allo da rula da kamfas. In sun zo hutu, a miƙa masu sashen injin da ya karye a ce su zana shi da awonsa, a kai wa maƙeri a ga ko zai ƙera ba tare da ya yi tambaya ba.